Unguwa ta cika, benaye na tashi, bututu na nan yadda yake: a tsayar da gini ko a bi shi da gyara?

Mai Tsara Birane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna batun tsofaffin unguwannin da ke manne da tsakiyar birni, waɗanda aka yanka su tun da daɗewa a kan tsarin gida ɗaya iyali ɗaya, yanzu kuma ake ta rushe gidajen ana ɗora benaye. Jama'a na son wurin saboda kusa yake da aiki da makarantu da asibiti, kuma turuwar ba ta kusa tsayawa ba: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke a 2018, ana kuma sa ran kashi 68 nan da 2050.

Don kada mu yi magana a iska, ga misali da za mu riƙa komawa kansa. Layi ɗaya mai tsawon mita 400, fuloti 20 a kowane gefe, kowanne mita 20 a faɗi 30 a tsawo. Gida 40, mutum shida a kowanne, jimla 240. Sai aka rushe rabinsu, kowane fuloti ya zama bene hawa huɗu mai ɗaukar iyali takwas, mutum huɗu a kowane iyali. Layin ya koma mutum 760. Kwaltar ba ta ƙara faɗi ba, bututun ruwa da lambatu da taransifoma duk na da ne. Me zai fara gazawa, kuma wa ya kamata ya biya gyaran?

Dattijon Unguwa:
Wa alaikumus salam. Ni dai ra'ayina a taƙaice: a dakatar da ba da izinin bene har sai an faɗaɗa komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutanen da suka riga suka zauna ba su yi laifin da za a raba musu ruwan da ko su bai isa ba.

Injiniyan Ruwa:
Baba, kafin a kai ga hukunci bari mu yi lissafin ruwan. A lita 100 ga kowane mutum a rana, layin ya tashi daga lita 24,000 zuwa 76,000. Amma ba a auna bututu da ruwan yini guda, da ruwan sa'ar da kowa ya buɗe famfo ake aunawa, wato da sassafe, kuma wannan yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na matsakaici. Ga layinmu zai kama wajen lita 2.6 a daƙiƙa. Bututu mai faɗin milimita 100, idan ruwa na tafiya mita ɗaya a daƙiƙa, yana ɗaukar kusan lita 8. Kun ga bututun cikin layin bai ma ji komai ba.

Matsalar tana can baya, a bututun da ke shayar da layuka goma irin wannan. A ce milimita 150 ne, mai ɗaukar wajen lita 18 cikin kwanciyar hankali. Da yana kai lita 8, yanzu ana neman 26 daga gare shi. Ƙarfin da ruwa ke asara wajen gogayya da jikin bututu ba ya hawa daidai da yawan ruwan, ya fi shi gudu nesa: ruwa ya ninka uku da ɗoriya, asarar ta ninka fiye da takwas. Kowace mita 10 ta tsawon gini kuma tana cin "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. Bene hawa huɗu yana neman mita 12 ko fiye kafin ruwa ya leƙa famfon sama. Shi ya sa na ƙarshen layi da na hawa na huɗu suke fara ganin famfo na tari da iska.

Daga nan sai kowane mai bene ya haɗa injin tsotso kai tsaye a jikin bututun hukuma. Wannan shi ne mafi muni. Injin yana janye rabon maƙwabci, kuma idan matsin cikin bututu ya faɗi ƙasa da na waje, duk inda yake da tsaga ko gaɓar da ta saki sai ya zuƙo ruwan ƙasa mai datti zuwa ciki. Ƙa'ida ita ce ruwan hukuma ya zuba da kansa cikin tankin ƙasa mai bawul ɗin da ke rufewa idan ya cika, sannan injin ya ɗaga daga tankin zuwa sama. Da haka tankin yakan cika da dare, lokacin da babu mai nema, ya rage wa bututu nauyin safiya.

Hajiya Mai Lissafi:
Injiniya, mai gini zai ce maka shi ba ruwansa da bututun hukuma, burtsatse zai haƙa.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, burtsatse ɗaya ba komai ba ne, ashirin a layi ɗaya shi ne abin tsoro. Kowace rijiya idan tana aiki tana saukar da ruwan ƙasa a kewayenta kamar mazurari, idan mazuraran suka haɗu sai mai gajeriyar rijiya ya fara ƙafewa, kowa ya shiga ƙara zurfi. Inda ƙasar laka ce, cire ruwan yana sa ta danne ta nutse, kuma ba ta komowa. Arewacin birnin Jakarta na Indonesiya akwai wuraren da suka riƙa nutsewa har santimita 25 a shekara, babban dalili kuwa zuƙar ruwan ƙasa ne. Tokyo ta taɓa shiga irin wannan, ba ta samu sauƙi ba sai da ta taƙaita haƙar ta kuma kawo wa masana'antu ruwa ta bututu.

Sannan ku dubi girman fulotin. Inda babu babban bututun najasa, kowane gida da sokawe ɗinsa, kuma ana so a bar aƙalla mita 30 tsakanin sokawe da rijiya. Fulotin da tsawonsa duka mita 30 ne, ina za a samo tazarar? Ko ka nesanta da naka, na maƙwabcinka yana bayan katanga. Wajen kashi 80 na ruwan da ya shiga gida yana fitowa a matsayin ƙazanta. Mutum 32 a lita 100 ke nan lita 2,500 da ɗoriya kullum cikin ramin da aka haƙa don mutum shida.

Mai Kula da Magudanai:
Ni a ganina ba famfo ne ke fara tona asirin unguwa ba, ruwan sama ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Fulotinmu murabba'in mita 600 ne. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, milimita 50 cikin sa'a guda, lita 30,000 ta sauka a kansa. Tsohon gida mai tsakar gida ta ƙasa da bishiya biyu uku, wajen kashi 40 ne ke fita waje, lita 12,000, sauran ƙasa ta shanye. Bene kuwa rufi ne da daɓen kankare daga katanga zuwa katanga, kashi 90 ke fita, lita 27,000. Bambancin 15,000 ne a fuloti ɗaya. A fuloti 20 ya zama lita 300,000 cikin sa'a, sama da lita 80 a kowace daƙiƙa ƙari a kan abin da lambatun ya saba ɗauka. Kuma ruwan kankare ba ya jira, cikin mintuna kaɗan duk ya hallara a kwata lokaci ɗaya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanda ya shafe fulotinsa da siminti ba shi ke kwana cikin ruwa ba. Shi ya ɗaga harsashinsa sama da titi. Na gangare, wanda bai canza ko bulo ɗaya a gidansa ba, shi ruwa ke shiga wa ɗaki.

Gyaran ba wani abin mamaki ba ne. A sa sharaɗi cikin izinin gini cewa ruwan da zai fita daga fuloti bayan gini kada ya wuce wanda ke fita kafin gini. A misalinmu tanki ne mai cin lita 15,000, kamar mita 3 a tsawo, 2.5 a faɗi, 2 a zurfi, da ƙaramar kafa a gindinsa da ke sakin ruwa a hankali. Inda ake kuskure biyu ne: ko a mai da shi ma'ajiyar ruwan wanki ya zauna a cike, ranar da hadari ya zo babu wurin da zai karɓa, ko kuma a ƙi sa raga a bakinsa, leda da ganye su toshe kafar.

Ɗan Kwangila:
Malam, a lambatun ma akwai abin da masu gini ke yi da ya fi wannan. Kowa zai yi wa ƙofarsa gada, sai ya jefa ƙaramin bututun kankare cikin lambatu mai faɗi ya rufe da dekin. Lambatun duka ya koma girman wannan bututun. Ga yashi da tsakuwa da ake jibgewa bakin titi wata da watanni, ruwan farko ya kwashe su zuwa kwalbati.

Mai Kula da Magudanai:
Gaskiya ne, kuma kwalbatin da yashi ya cika rabinsa ba rabin ruwa kawai yake rasawa ba, har gudun ruwan yana raguwa, sai ƙarin yashi ya kwanta. A bututun najasa ana so ruwa ya yi gudun da bai gaza wajen mita 0.6 a daƙiƙa ba don ya riƙa wanke kansa.

Tsofaffin biranen da suka haɗa ruwan sama da najasa a bututu ɗaya su suka fi shan wuya. Landan ta gina nata bayan warin da ya addabi birnin a 1858, ƙarƙashin injiniya Joseph Bazalgette. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma da jama'a suka ninka aka kuma shafe ƙasa da kwalta, ruwa kaɗan ya isa ya sa najasa ta malala cikin kogin Thames, har sai da aka haƙa sabon rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin. Kopenhagen, babban birnin Denmark, kuma a 2 ga Yuli 2011 ta sha ruwa wajen milimita 150 cikin sa'a biyu, daga nan ta koma tsara tituna da filayen wasa ta yadda za su riƙe ruwa na ɗan lokaci, don ta gane ba bututun da zai iya ɗaukar irin wannan shi kaɗai.

Dattijon Unguwa:
To ai duk maganata kuke ƙarfafawa. Idan abin haka yake, me ya sa ba za a tsayar ba?

Mai Tsara Birane:
Baba, Allah ya ƙara girma, a nan ne na saba da kai. Izinin gini za ka iya tsayarwa, mutane ba za ka iya ba. Idan aka hana bene a unguwar da kowa ke nema, haya ce za ta tashi, sai a shiga yanka gidajen da ke akwai: falo ya zama ɗaki biyu, gareji ya zama ɗaki, a jera ɗakuna a bayan gida. Mutum 760 ɗin nan za su zo dai, illa iyaka ba su cikin takardar kowa. Babu tankin riƙe ruwa, babu kuɗin da aka karɓa don faɗaɗa bututu, babu matakalar gudun gobara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Waɗanda ba su samu wuri ba kuma sai su tafi bayan gari, inda za a ja musu sabon titi da bututu da waya na kilomitoci, su kuma riƙa ratsa wannan unguwar dai da mota safe da yamma.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. Ba kowace tsohuwar unguwa ce ta fi yadda take a da cika ba. Manhattan da ke birnin New York tana da mutum miliyan 2.3 a 1910, a ƙidayar 2020 kuwa ba ta kai miliyan 1.7 ba. Cikin birnin Paris ya kai miliyan 2.9 a 1921, yanzu miliyan biyu ne da 'yan kai. Iyalai sun ƙanƙance, 'ya'ya sun tashi sun bar tsofaffi biyu a gida mai ɗaki biyar. A irin wannan wuri ƙofofi za su iya ƙaruwa alhali kawuna ba su kai na da ba, kuma bututu da makaranta suna da sauran wuri. Shi ya sa nake cewa a auna, layi layi, kafin a ce e ko a'a.

Hajiya Mai Lissafi:
Da me za a auna, Malam? Ƙidayar jama'a a mafi yawan ƙasashe sai bayan shekara goma, unguwa kuwa cikin shekara uku take sauya kama.

Mai Tsara Birane:
Ba sai an jira ƙidaya ba, Hajiya. Sabbin mitocin wuta da na ruwa da aka ɗaura, yaran da aka yi wa rajista a ajin farko, haihuwa da rigakafi a asibitin unguwa, nauyin sharar da mota ke kwashewa, da izinin ginin da aka bayar amma ba a fara ba. Na ƙarshen nan shi ne mafi muhimmanci, don shi ke nuna nauyin da ke tafe nan da shekara biyu. Duk waɗannan alƙaluman akwai su, sai dai kowanne yana ofis dabam, kuma ofisoshin ba sa zama tebur ɗaya. Babban aibin tsarin shi ne ana duba kowace takardar izini ita kaɗai. Bene ɗaya ba ya cika bututu, don haka kowanne sai ya wuce, babu mai tara su ya ga na ashirin ne zai karya.

Mai Aikin Lantarki:
Haka yake a wuta. Ba a tara ƙarfin kayan kowane gida, don ba lokaci ɗaya ake kunna komai ba, ana ɗaukar abin da gida ke ja a sa'ar da layi ya fi nauyi. A ce gida 40 a kVA 3 kowanne (kVA ma'aunin ƙarfin wuta ne), 120 ke nan, taransifoma mai 200 tana hutawa. Yanzu mitocin wuta sun koma 180. Ko a kVA 2 ka lissafa, 360 ne. Zafin da waya ke yi yana bin ninkin wutar sau kansa: wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Takardar da ke naɗe da wayoyin cikin taransifoma kuwa, duk ƙarin digiri 6 a kan zafin da aka tsara mata yana rage rabin rayuwarta. Ba ranar take mutuwa ba, tana dahuwa a hankali, wata rana da zafi da yamma ta tashi.

Kafin ta kai ga haka za ku ga alamu. Fis yana yawan tsinkewa, sai wani ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, ya cire wa taransifomar kariyarta ke nan. Na ƙarshen layi wutarsu ta yi ƙasa, injin firij da na famfo su riƙa gurnani suna zafi. Sai kuma rashin daidaita layukan wuta uku da ke fita daga taransifoma: masu haɗi suna ɗora sababbin gidaje a kan wayar da ta fi sauƙin kaiwa, ɗaya ta yi nauyi biyu na wasa, wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta ɗau zafi. Ran da ta tsinke, wasu gidajen wutar da za ta shigo musu za ta haura nesa da ƙa'ida ta ƙone kaya.

Wuyar gyaran ba taransifomar ba ce, wurin ajiye ta ne. Tana son 'yan mitoci a bakin titi inda mota mai ƙugiya za ta iya isa. Idan ba a yanke wannan wurin daga fulotin babban gini tun a taswira ba, bayan an gama babu mai ba ka ko taku ɗaya.

Direban Bas:
Ku zo kan titi. Iyali 160 a benaye, a ce rabinsu ne ke da mota, 80 ke nan. Kowace mota a gefen titi tana cin mita 6, jimla mita 480, a layin da gefensa biyu duka mita 800 ne kafin a cire ƙofofi. Kwalta mai faɗin mita 7, aka jera motoci dama da hagu, saura mita 3. Motar 'yan kwana-kwana ita kanta faɗinta mita biyu da rabi ne, ba ta da wurin buɗe ƙofa balle juyawa. A Ingila ƙa'idar gini tana neman mita 3.7 tsakanin dakali da dakali don ita.

Ɗan Kwangila:
Sai a tilasta kowane bene ya yi wurin ajiye mota ɗaya ga kowane iyali, magana ta ƙare.

Mai Tsara Birane:
Ba ta ƙare ba, Malam. Wurin mota ɗaya mita 2.5 ne a 5, amma da hanyar shiga da juyawa yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Mota takwas 200 zuwa 240 ke nan, sulusin fulotin ko fiye, kuma shi ne daidai wurin da Mai Kula da Magudanai yake roƙon a bar wa ƙasa da bishiya. Kuɗinsa kuma cikin haya yake shiga, har wanda ba shi da ko keke sai ya biya. Shi ya sa birane irin su Buffalo a Amurka suka soke wannan tilas ɗin a 2017. Japan ta bi ta wata hanya: a yawancin biranenta ba za a yi wa motarka rajista ba sai ka nuna inda za ta kwana, kuma ba a barin mota ta kwana a kan titi. Nauyin ya koma kan mai motar.

Direban Bas:
Kuma ba tsakiyar layi ke kawo gosulo ba, mahaɗa ce. Hannu ɗaya na titi yana wuce da mota wajen 1,800 a sa'a idan babu tsayawa, da an sa danja sai ya koma rabi ko ƙasa. Bas mai mita 12 tana ɗaukar mutum 70 da na tsaye. Idan tana zuwa duk minti biyar, mutum 840 ne a sa'a cikin mota 12 kacal. Amma sai an ware mata hannunta, in ba haka ba tana cikin gosulon tare da kowa, babu wanda zai bar motarsa saboda ita. Kuritiba a Brazil ta fara wannan a 1974, ta kuma ce dogayen benaye a bakin hanyar bas za a yi su, suna raguwa yayin da ake nisa da ita. Tasha kada ta wuce mita 400 daga gida, tafiyar minti biyar, kuma a samu dakalin tafiya da ba a mamaye da motoci ba.

Malamar Firamare:
Ku yi haƙuri in shigo da yara, don su ba sa cikin lissafin bututu. Idan mutum ɗaya cikin takwas ɗan firamare ne, layinmu ya tashi daga yara 30 zuwa 95. Layi goma, ƙarin yara 650, aji 16 a yara 40. Makaranta guda ce sukutum. Abin da ke yaudarar hukuma shi ne ba sa zuwa nan take. Sababbin ma'aurata ne ke fara kama irin waɗannan gidajen, shekara biyu uku ana ganin kamar babu matsala, a ta biyar zuwa ta shida sai ajin farko ya tumbatsa. Lokacin kuwa duk filin da za a iya saya an gine shi, wanda ya rage ya yi tsadar da ba a iya taɓawa. Sai a koma cin filin wasan makarantar da ke akwai ana jera ajujuwa. Bututu ana iya tona titi a sauya shi ko bayan shekara ashirin. Fili idan ya tafi ya tafi. Tun ran gini ran zane, a ware na makaranta da na ƙaramin asibiti kafin a ɗaga darajar unguwar da sabuwar doka.

Hajiya Mai Lissafi:
Malama ta kawo mu kan kuɗi. Ranar da hukuma ta ce fulotin da ake gina gida ɗaya yanzu ana iya gina takwas, darajarsa ta tashi ba tare da mai shi ya ɗaga ko cebur ba. Adalci shi ne wani kaso na wannan ƙarin ya koma cikin bututu da lambatun da suka sa ginin ya yiwu. Ingila tana yi ta sashe na 106 na dokar tsara garuruwa ta 1990, inda ake yarjejeniya da mai gini, daga 2010 kuma ta ƙara da haraji a kan kowane murabba'in mita na sabon gini. Sao Paulo a Brazil tana sayar da takardun izinin ƙarin hawa a kasuwar hannun jari, kuɗin kuma doka ta ɗaure shi a yankin da aka tara shi.

Inda abin ke lalacewa uku ne. Kuɗin ya faɗa babban asusu a biya albashi da shi. Ko a karɓa bayan an gama gini, alhali aikin bututu yana cin shekara biyu zuwa uku daga zane zuwa binnewa, mutane sun tare tun tuni. Ko kuma a ɗora wa wanda ya zo na ƙarshe kuɗin faɗaɗa bututun duka, na gabansa goma sha tara sun wuce kyauta. Hanyar da ta fi ita ce a ƙiyasta aikin unguwar gaba ɗaya, a raba a kan yawan gidajen da ake sa ran ginawa, kowa ya biya rabonsa lokacin karɓar izini, hukuma ta ci bashi ta fara aikin tun kafin kuɗin ya gama taruwa. Kuma ta buga abin da ta karɓa da abin da ta kashe duk shekara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗan Kwangila:
Hajiya, a yi hattara da nauyin. Idan kuɗin ya yi yawa ƙananan masu gini za su janye, a bar wa manyan kamfanoni masu gina na masu hali kaɗai. Mu abin da muke so shi ne a san adadin tun kafin a sayi fili. Idan an san shi, daga farashin filin ake cire shi. Idan kuwa sai an zo tsakiyar aiki za a yi ciniki, kan ɗan haya yake ƙarewa.

Dattijon Unguwa:
Na ji bayananku, kuma na yarda hana gini gaba ɗaya ba zai hana mutane zuwa ba. Amma har yanzu ba ku ce komai ba kan 'yan hayan da ke cikin gidajen da ake rushewa. Su ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma sabon benen ba da su ake gina shi ba.

Mai Tsara Birane:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Baba. Ƙarin gidaje yana sassauta haya a birni gaba ɗaya. Auckland a New Zealand ta buɗe wajen kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta ga gini mai yawa a 2016, izinin gini ya ninka cikin 'yan shekaru. Amma wannan ba ya share hawayen iyalin da aka ba wa takardar tashi a wannan watan. Abin da ke taimakonsu sharuɗɗa ne a jikin izinin rushewa: wa'adi mai tsawo da ba zai faɗo tsakiyar zangon karatu ba, kuɗin ƙaura daga aljihun mai gini, wani kaso na sababbin gidajen a kan haya mai rangwame na shekaru masu yawa, da ba tsofaffin mazauna damar farko su dawo. Kuma idan an buɗe unguwanni da yawa lokaci guda, rushe-rushen ba ya taruwa a kan unguwar talakawa ita kaɗai.

Injiniyan Ruwa:
Baba, tsayarwar da kake nema tana da wurinta, amma da ma'auni. A ɗaura na'urar auna matsin ruwa a famfon kashe gobara na ƙarshen layi, ta kwana bakwai tana rubutawa. Mai lantarki ya auna layuka ukun taransifoma a sa'ar da ta fi nauyi. A zura kyamara cikin bututun najasa, a buɗe kwalbatoci a ga zurfin yashi. Daga nan a rubuta wa kowane yanki adadin gidajen da zai iya ƙarawa a yadda yake. Idan izinin da aka bayar ya kai kashi 80 na wannan adadin, a fara aikin faɗaɗawa. Idan ya cika aikin bai ƙare ba, a ci gaba da gini amma kada a ba da takardar tarewa sai an haɗa sabon bututun.

Mai Kula da Magudanai:
Ƙari ɗaya a kan na Injiniya. Idan za a tona titin, a tona sau ɗaya: najasa a can ƙasa, bututun ruwan sha a samanta kuma a gefe da tazara, sannan a binne bututan roba biyu ko uku babu komai ciki don wayar wuta da ta intanet ta gaba. A cike ramin hawa hawa, kowane santimita 15 zuwa 20 a daddanne da inji kafin a ƙara wani, in ba haka ba damina ɗaya kwaltar za ta zauna a kan layin ramin. Kuma safiyo ya auna inda kowane bututu ya kwanta kafin a rufe, a ajiye taswirar inda mai tono na gaba zai same ta.